Kunnen Malam na Dama

Shekarun baya can, ba a daɗe da yanka mana jihar Sakkwato ba, na tafka wata wauta a Kebbe wadda har yau in na tuna sai na kai hannu na shafa kunnena. Bari in sauƙaƙa muku tun yanzu: in kuna neman wawan labarin nan, kada ku wahala, ni ne.

Lokacin kuɗin mai sun shigo ƙasa, duk wanda ya ɗan samu sai ya sayi rediyo ko babur. Ni kuwa ina da 'yar rumfa a bakin kasuwar Tambuwal, ina gyaran rediyo. Bokona a aji fuɗu ya tsaya, shi ma sai da anka tura. Ilimin gyaran nawa bai wuce in buɗe bayan rediyo, in hure shi, in kankare bakin batir ba. In ya ƙi, in mare shi. Sau da yawa marin ke aiki. Mutane na ce min Injiniya, ni kuma ban taɓa hana kowa ba.

A shekarar abokina ya sauke farali. Mahaifinsa malami ne a Kebbe, magidanta ke ɗaukar karatun littattafai a zaurensa bayan la'asar. Idonsa ya riga ya yi rauni, don haka da kunne yake karantarwa: ɗalibi ya karanta da ƙarfi, Malam ya saurara, ya gyara, ya fassara. Kunnen hagu kuwa sanƙarau ya kashe shi tun yana saurayi. Na daman kaɗai ya rage, shi ma ya fara nauyi. Wato duk karatun zauren nan a kan kunne guda yake tsaye.

Shi ya sa abokina ya yi masa tsaraba ta musamman daga Jidda, don ya riƙa jin kaset ɗin karatu ba tare da an cika unguwa da ƙara ba. Rikoda ce, da wani ɗan akwatin amfilifaya mai ƙara wa murya ƙarfi, da abin sawa a kunne babba, kowane gefe kamar an raba ƙoƙo biyu an yi masa katifa. Hutunsa ya ƙare, zai koma aiki Sakkwato, sai ya ɗauki gaisuwarsa a kaset, ya kawo min kayan rumfa ya ce in kai in haɗa.

"Injiniya, saurara da kyau," in ji shi. "Batakkaren Jidda da yas saida min yac ce akwatin ga da abin kunnen ga tare anka yi su. Dibi fulogin, ƙafa fuɗu gare shi. Kowane kunne da wayoyinai biyu, ba su gamuwa da na ɗan'uwan. Kada a gama su. Kada kuma a sa mashi ƙaramin abin kunne, ƙarfin ya fi shi. Kuma a fara da murya ƙasa."

Na ce, "Alhaji, jirgi ɗaya ka hau har ka fara koya min waya?"

Ya yi dariya ya tafi. Ni kuwa ban ko bari ƙurar motarsa ta kwanta ba na ɗauki abin kunnen nan na kifa a kai. Ba a jone yake da komai ba. Haka na wuni a rumfa, fuska a ɗaure kamar matuƙin jirgin sama, mai wucewa ya gaishe ni in ɗaga masa hannu alamar ina kan aiki. Da zan yi sallar magariba na rataye shi a ƙusa.

Washegari na ɗaure kwali da batirin mota a bayan babur, na kama hanyar Kebbe. Kaka ce, ana ta yankan dawa, ni kuma ina ta wa manoma hon ba dalili. Kafin azahar na isa. Ashe labari ya riga ni. Bayan salla zaure ya cika maƙil, dattawa sun jeru a kan buzaye, Malam na tsakiya da carbi a hannu. Na durƙusa na yi gaisuwa, na buɗe kwali. Ga rikoda. Ga akwati. Na sa hannu na laluba, na sake lalubawa, na ɗaga kwalin na girgiza.

Abin kunne yana Tambuwal, a kan ƙusa.

Mai hankali zai ce, "Allah gafarta Malam, na yi mantuwa, gobe in sha Allahu." Amma mutumin da anka gabatar wa jama'a da sunan Injiniya daga Tambuwal bai iya wannan maganar ba. A aljihuna akwai ɗan ƙaramin abin kunne na 'yar rediyona, irin farin nan mai kama da ƙwayar gujiya, wanda ake cusawa a ramin kunne. Na zaro shi kamar daga kwalin ya fito. Waya biyu gare shi, akwatin kuma rami fuɗu. Na ce a raina, fuɗu a raba biyu, wannan ko a aji fuɗu mun yi shi. Na yanko guntayen waya fuɗu da reza, na cusa a ramukan na danne da tsinken ashana, na murɗe su biyu-biyu na haɗa da na ɗan abin kunnen. Wato ainihin abin da anka ce kada a yi, shi na yi, cikin natsuwa, da bismilla.

Amma wallahi na yi niyyar gwadawa a kaina. Na ɗaga shi zan kai kunne ke nan sai ƙanen Malam, wani dogon dattijo mai kaushin murya, ya riƙe min hannu.

"Kai, yaro! Abin da yaf fito ƙasa mai tsarki, Malam bai taɓa ba, kai zaka fara sa ma kunnenka? Haka anka koya maku Tambuwal?"

Zaure ya ɗauka: "Gaskiya na. Malam shi ka farawa."

Ku da kuka taso yanzu ba lallai ku gane ba. Tsarabar Makka a wancan zamani, ko dabino ne, babba ke fara kai hannu. To ni ya zan yi? In ce wannan ɗan abin bai taɓa ganin Makka ba, a kasuwar Tambuwal na saye shi, har da dauɗar kunnena a jiki? Na goge shi da bakin riga, na miƙa da hannu biyu. Malam ya ɗan ɗaga rawani ya sa shi a kunnen dama.

Na danna rikoda. Kun san farkon kaset akwai wani ɗan zare fari da ba ya ɗaukar murya. Ni ma na sani, amma ranar nan na manta.

"Ban ji komi ba," in ji Malam.

Na murɗa.

"Har yanzu shiru, ɗana."

Idanu duk sun dawo kaina. Na murɗa har ƙarshe, har abin murɗawar ya ƙi gaba.

Sallamar abokina ta fito daga ɗan abin nan da ke cikin kunnen mahaifinsa, har na bakin ƙofa sunka ji ta. Ko ƙarasawa bai yi ba sai wata ƙara mai tsini ta biyo, kamar ana jan ƙusa a kan kwano, sai fat! Akwatin ya feso hayaƙi mai warin ƙonanniyar roba. Malam ya zabura, carbin ya faɗi, ya dafe kunne da hannu biyu ya sunkuya.

"Malam! Allah gafarta Malam!"

Bai waiga ba. Ƙanensa ya matso daidai kunnen ya kira shi da sunan da suke kiransa a gida. Bai waiga ba. Can ya ɗago, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya yana kallon bakunanmu, ya ce da wata murya mai ƙarfi wadda ba tasa ba, "Gyare ya shiga kaina. Kuna magana na?"

Na sha jin tsoro a rayuwata. Kare ya taɓa bi na, kwale-kwale ya taɓa juyewa da ni. Amma ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Babu wanda ya zage ni, kuma wannan ya fi komai muni. Ƙanen Malam dai ya sa anka tura babur ɗina cikin gida, wai kada rana ta buge shi. Na gane saƙon. Anka ba ni ɗakin baƙi. Safe da yamma matar Malam na aiko min da fura da tuwo, har da man shanu a kai, ni kuwa ko taɓawa ba na yi. Munka kai Malam wurin malamin asibiti, ya haska tocila ya daɗe yana leƙe, ya ce bai ga jini ba, amma jin yana iya dawowa, yana iya ƙin dawowa, babu abin yi sai jira. Ya tambayi abin da ya faru, anka nuna ni da baki. Ya dube ni daga sama har ƙasa.

Da la'asar ɗalibai sunka zo kamar kullum, don ba wanda ya iya cewa kada a zo. Sunka zauna da littattafai a rufe. Sai babbansu, wani makiyayi mai furfura wanda ya fi shekara ashirin a gaban Malam, ya buɗe littafinsa na fiƙihu ya fara karantawa da ƙarfi. Da ya kai tsakiyar shafi, sai na ga ya ɗaga ido ya dubi 'yan'uwansa, ya tsallake layi guda da gangan. Malam, mutumin da ko wasali ka karkace sai ya tsayar da kai, ga layi sukutum ya wuce shi. Malam na zaune yana gyaɗa kai a hankali, don kada a ji kunya.

Makiyayin nan ya rufe littafin, ya ja gefen rawani ya rufe fuska. A nan na san girman abin da na taɓa. Ba kunnen tsoho ɗaya ba ne. Na riƙa ganin zauren nan a rufe, awaki na kwana a ciki, ana nuna ni a kasuwa ana cewa ga wanda ya kashe karatun Kebbe da tsinken ashana. Na riƙa tunanin da wane baki zan gaya wa abokina. Na yi addu'o'in da na iya, na yi waɗanda ban iya ba. Har cewa na yi Allah ya ɗauki nawa ɗaya ya mayar masa, sannan na tsorata na ce in da hali dai a bar min nawan ma.

Haka munka yi ta zama, ranar kasuwa ta zo ta wuce. Kullum makiyayin zai karanta shafin nan, kullum zai tsallake layin nan, kullum Malam zai gyaɗa kai. Na daina ɗaga ido in an zo wurin.

Ran nan ina sunkuye ina ƙirga zaren tabarma, makiyayin ya zo wurin ya tsallake. Sai na ji an ce, a hankali, da tsohuwar muryar nan:

"Koma baya. Wa yac ce ka tsallake?"

Zauren ya kaure da kabbara. Ni ban san lokacin da na fashe da kuka ba, ƙato da ni, har da majina. Ranar na cinye tuwon matar Malam na nemi ƙari. Washegari anka fito min da babur ɗina, an ma wanke shi.

Gaskiya jin bai koma yadda yake da ba. Daga ranar sai ɗalibi ya matso kusa da gwiwarsa. Amma ya ci gaba da karantarwa shekaru masu yawa kafin Allah ya karɓi abinsa. Ni kuwa har gobe, ko rediyon wa zan kunna, sai na mayar da murya ƙasa tukuna. In an ce min abu kaza da abu kaza tare anka yi su, ba na raba musu aure. Jikokina in sun cusa waɗannan 'yan farare na waya a kunne, har ni da ke gefe ina jin kiɗan, sai in fizge. Suna cewa Kaka ya cika tsoro. E, na cika. Na san inda na saye shi.

Bayan wata biyu abokina ya zo. An gyara akwatin a Sakkwato, ya biyo ta rumfata ya sauke babban abin kunnen daga ƙusa, munka tafi Kebbe tare. Shi ya haɗa da kansa, fulogi mai ƙafa fuɗu ya shige raminsa ba tsinke ba dabara. Ya mayar da murya ƙasa, ya kifa wa mahaifinsa a kan rawani, ya riƙa ɗagawa kaɗan-kaɗan har Malam ya ɗaga hannu. Tsohon ya lumshe ido, leɓensa na bin karatun. Ashe haka abin yake da daɗi in an bi shi yadda anka ce.

Da na ga fuskoki sun saki, sai bakina ya dawo. Na gyara zama na ce, "Allah gafarta Malam, ni fa a yi min shaida, a kunnena na so gwadawa. Hana ni anka yi."

Malam ya zame abin kunnen, ya juyo min da kunnen dama.

"Ai kuskuren da munka yi ke nan, ɗana. Kunnen da anka yi ma gargaɗi tun Tambuwal bai ji ba, in ya fashe mi anka rasa?"