Maziyarcin Abu Muntazar

Bara a lokacin tattakin Arba'in, da jama'a ke takawa a ƙafa zuwa Karbala ziyarar makoki, maƙwabcina Abu Muntazar ya fita titi ya kamo maziyarci, ya jawo shi har gida, ya zaunar da shi a kan katifa, ya tsoma ƙafafunsa a ruwan ɗumi da gishiri. Yana cikin murza masa sharaɓa sai matarsa Umm Muntazar ta shigo da shayi, ta tsaya, ta ce, "Sattar, ina ƙanƙarar da aka aike ka?"

Mijin 'yarsu ne. Gidansa yana bayan namu.

Ban ga laifin Sattar ba. Kowa baƙin kaya yake sawa a kwanakin nan, shi kuma ya naɗe fuska saboda rana. Ya yi ta cewa shi ba baƙo ba ne, sauri yake yi, to amma wane maziyarci ne ba ya faɗin haka? Da tsohon ya haɗa shi da girman Abbas mai hubbare a Karbala kuwa magana ta ƙare, don a garinmu ba a tsallake wannan rantsuwa. Sai ya miƙa ƙafa.

Abu Muntazar mai gashin gurasa ne a nan Haidariyya, tsakiyar hanyar Najaf da Karbala. Tun yana yaro yake leƙa kai cikin tanderu, wutar ce ta cinye masa ido. An yanka masa tabarau, ya ce tururi yana rufe shi, ya ajiye a kan firij. Amma hannu, Allah ya ba shi. Wanda ya saba murza ƙullu, in ya kama ƙafar da ta taho daga Basra sai ka ji mai ita yana salati.

Shekarar da ɗansa Muntazar ya dawo daga yaƙi da ransa, ya yi bakance cewa muddin yana numfashi ba za a yi Arba'in ba tare da maziyarta sun kwana a gidansa ba. Kowace shekara yakan turke rago, Umm Muntazar ta wanke barguna ta shanya har a kan katangata. Sai bara aka kafa manyan rumfuna a bakin titi, da na'urar sanyi da wurin cajin waya, suka tare lungunmu gaba ɗaya. Masu tafiya suka daina lanƙwasowa. Aka dafa shinkafa da miyar kima ta niƙaƙƙen nama, mu maƙwabta muka cinye. Washegari ma haka. Saura kaɗan masu tattaki su gama wucewa, katifu na nan a jere ba wanda ya taɓa su. Abin da ya fitar da shi farautar baƙo ke nan, ko tabarau babu.

Bayan abin Sattar, Abu Muntazar ya rufe tanderu, ya ƙi fitowa. Umm Muntazar ta gaya wa matata cewa ko ruwa bai sha ba, yana zaune yana cewa wataƙila an ƙi karɓar bakancen ne, ko akwai abin da ya yi. A nan na daina dariya.

To amma bakina ba ya ajiya. Da la'asar ina rumfar shayi na ba da labarin, har da kwaikwayon yadda Sattar ya zare ido. Kwanakin makoki ne, sai mutane suka riƙa rufe baki da hannu, kafaɗu na rawa. Wani dattijo daga garin Amara can kudu yana zaune a gefe, ya cire takalmi, tafin ƙafarsa duk ya yi bororo. Shi bai yi dariya ba. Ya tambaye ni ko gidan da nisa, na ce ga lungun can. Ya ce mutumin da ƙishin baƙo ya kai shi haka, a wurinsa zai sauka, su riƙe na'urarsu. Ya kira mutanensa, ashe zuri'a guda ce, da mata da jikoki da wata tsohuwa a keken guragu.

Da na buga ƙofar Abu Muntazar na ce ya fito ya ga abin da na kawo, sai ya ce in tafi da iskancina. Da ya ji tsohuwar ta yi sallama da muryar mutanen kudu, ya fito ba takalmi. Ya sumbaci goshin dattijon, sai hawaye. Kafin magariba an yanka ragon, tanderu ya kama, Sattar na jigilar ruwa kamar mai biyan kaffara. Matan suka shige wurin Umm Muntazar, ta karɓe kayansu ta hau wanki. Muntazar ya kwance tayar keken ya gyara.

Na leƙa na same shi durƙushe gaban dattijon, yana fasa bororon da allura da zare, yau har da tabarau a hanci. Na ce, "Abu Muntazar, ka dai duba da kyau, kada wannan ma surukinka ne."

Bai ko ɗago ba. Ya ce, "Na duba, Abu Haura. Na kuma ga wanda ya cinye mini shinkafar maziyarta kwana da kwanaki alhali ko taku ɗaya na tattaki bai yi ba. Ɗauki bokitin nan ka zubar."