Ramin da Ke Gefen Baba

Ina tsugune gaban tayar wata babbar mota, a rumfar facina da ke bakin tasha a Jibiya, Yaya ta kira ni daga Maraɗi. Ko gaisuwa ba ta yi ba. Ta ce, "Inna ta cika." Na ce to. Na ajiye wayar a kan benci, na ƙarasa ɗaure tayar, don ban san me zan yi ba in na miƙe.

Inna ta je wurin Yaya ne ganin jika, sai aka rufe iyaka tana can. Masu ƙarfi suna ratsa daji a kan babur su wuce, amma bayanta ba zai ɗauki wannan ba. Ta zauna jiran a buɗe. Cikin jiran ciwo ya same ta.

Mu Kirista ne, kuma ba mu da yawa a wannan yanki. Majami'armu tana ƙauyenmu, wajen Farfaru, ɗaki ɗaya na ƙasa da Baba da abokansa suka gina tun ban yi wayo ba. A bayanta aka binne shi, ƙarƙashin itacen bedi. Abu ɗaya Inna ta taɓa roƙona da bakinta, shi ne in ta mutu a sa ta gefensa.

Kafin in isa ƙauye labari ya riga ni. Maƙwabtanmu Musulmi ba su san jinkiri da gawa ba. Suka ɗauko diga da shebur, suka haɗu da samarinmu, kafin la'asar an gama haƙa. Suna tambayata yaushe za ta iso.

Akwai wani direba mutumin Maraɗi, alhaji, da ya daɗe yana kawo mini faci. Ya biyo ni har ƙauye. Ya ce ya san hanyar daji, kuma a-kori-kurarsa tana nan. "Tsohuwarka tsohuwata ce," in ji shi. "Ka ce in ɗauko ta, gobe da hantsi tana gefen mijinta."

Na je wurin fastonmu. Matashi ne, bai daɗe da zuwa ba, a gari yake zaune yana zagaya ƙananan majami'u a kan babur. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce ikilisiya ba za ta karɓi gawar da ta biyo hanyar 'yan fasa-ƙwauri ba. In aka tare motar, cewa za a yi Kirista na ɓoye kaya cikin akwatin gawa, kuma mu kaɗan ne, ido yana kanmu. Ban ce ƙarya yake yi ba. Ya ce zai nemi izinin manya a Katsina, mu kuma mu gwada ƙofar iyaka.

Washegari muka je shingen Magama. Wani jami'i ya ba mu wurin zama, ya yi mini ta'aziyya da kyau, ya ce umarnin daga sama yake. Ko da shi ya ɗaga nasa ƙarfen, jandarman can ba za su ɗaga nasu ba.

Muka koma, dattawan ikilisiya suka zauna. Wani ya ce ƙasa duk ta Ubangiji ce, ko'ina aka binne ta daidai ne. Wani ya ce wasiyya ba abin wasa ba ce. Daga nan suka koma gardamar ko majami'ar su Yaya ɗarikarmu ce ko ba ita ba. Ina zaune a bencin baya, ta taga ina kallon tulin jar ƙasar da aka tono. Yaya tana ta kira. Ta ce babu wuta a can, ga zafi, ba za a iya riƙe ta ba. Direban ya aiko cewa in ba a yarda da gawa ba, ni in zo a ratsa da ni, ko fuskarta in gani. Na ce a ɗan dakata, Fasto ya ce amsa tana hanya.

Amsar ba ta zo ran nan ba. Da azahar ta kwana na uku Yaya ta kira ta ce sun dawo daga maƙabarta. Mutanen da ba su san ta ba ne suka ɗauke ta, rabin addu'ar da Faransanci. Matan zumuntar majami'armu da Inna ta yi shekaru tana kaɗa musu tulu in suna waƙa, babu ko ɗaya a wurin. Ni ma babu.

Da yamma Fasto ya zo ta'aziyya. Ya zauna a kan tabarma yana juya hularsa, ya ce manya sun amsa. Sun ce mu yi abin da muka ga ya dace.

Na ce, "Na gode, Fasto."

Bayan an buɗe iyaka na je na ga inda take, tsakanin baƙi. Ban daina zuwa majami'a ba, amma bencin baya nake zama. Dattawa sun yi mini magana a kan ramin, kada yaro ko akuya su faɗa. Wani ya ce a bar wa wanda zai rigaye mu. Na rufe shi da kwanon rufi, na danne da duwatsu. Har yau ban mayar da ƙasar ba.