Mai Kashe Min Musabbit

Shekarun baya, tun furfura ba ta gama cinye min gemu ba, na je haraj kallo kawai, sai ga ni na dawo gida da karafan. Ga wanda bai sani ba, haraj kasuwar tsoffin motoci ce a nan Jidda, karafan kuma mota ce mai ɗaki a cikinta: gado, murhu, ɗan banɗaki, har da labule. Tawa tsohuwa ce ƙirar Amurka, ta girmi aurena nesa ba kusa ba. Ranar da na shigo da ita layinmu a Kurayyat sai da maƙwabta suka firfito. Matata ta leƙo ta taga, ta dube ta sama da ƙasa, ta ce, "Wannan kuma ta asibiti ce ko ta kai gawa?"

Abokina ne ya raka ni sayenta. Bakanike ne, yana da garejinsa a Waziriyya. Tare muka tashi, rabin tuwon yarintarsa a gidanmu ya ci shi, har yau mahaifiyata "ɗana" take ce masa, ni kuwa da ta haifa sai dai "kai". Shi ya fara hango motar. Ya zagaye ta, ya saurari injin, ya shafa gefenta ya ce, "Wallahi ya akhi, da ba ka riga ni taya ta ba, da yau a ƙofar garejina za ta kwana." Muka yi dariya. Ban san zan zo in riƙa juya wannan maganar a raina ba.

Abin da ya fi burge ni a motar shi ne musabbit. Wani ɗan makunni ne a jikin sandar sigina. In ka kai gudun da kake so sai ka danna shi, ka ɗage ƙafarka daga totur, motar ta riƙe gudun da kanta har sai ka taɓa birki. Ni kuwa gwiwata ta dama ta daɗe tana ba ni wuya, totur ɗin motar nan kuma tauri gare shi kamar ana taka dutse. Ga hanyar Madina doguwa, miƙaƙƙiya, ga mahaifiyata da son ziyara. Don haka na ce wa abokina komai na motar zai iya jira, amma musabbit sai ya tashi. Ya tashe shi kuwa. Muka fita gwaji, na danna, na ɗage ƙafa, mota ta ci gaba da tafiya lafiya lau. Ranar har rawa na yi a kan kujera, da girmana.

Tafiyarmu ta farko zuwa Madina, da mahaifiyata da matata da yara, muna fita gari na gyara zama na danna. Shiru. Na sake dannawa, na ɗage ƙafa, sai mota ta fara sanyi, manyan motoci na ta danna mana hon. Haka na taka totur ɗin nan har Madina, na sauko ina ɗingishi.

Da muka dawo na kai masa. Ya buɗe murfin inji, wanda a irin waɗannan motocin yake ciki, tsakanin kujerun gaba biyu, ya ɗan taɓa nan ya taɓa can, ya ce, "Tsohuwar mota ce, haƙuri ake da ita. Ni da za ka ji shawarata ma, ka rabu da musabbit ɗin nan." Na ce ban ji ba. Muka fita gwaji, ya yi aiki sumul. Tafiya ta gaba, zuwa Yanbu, ya sake mutuwa. Na dawo, ya gyara, ya yi aiki. Muka sake ɗaukar hanyar Madina, ya mutu.

To, ni mutum ne mai zargi, kowa ya san ni da wannan. In na ajiye takalmi na dawo na tarar ya ɗan karkace sai na tambayi wanda ya taɓa. Na fara da wanda ya sayar min da motar, na ce ya san da ciwon ya ɓoye. Na koma kan zafin rana. Na koma kan nauyin kaya, har na hana matata ɗaukar babbar tukunyarta, muka kwana biyu ba ta yi min magana mai daɗi ba. Na tsare yara da tambaya ko suna wasa da sandar sigina. Kai, har carbin mahaifiyata da take ratayewa a wurin sai da na zarga, na cire shi a hankali na mayar kan madubi. Ta bi ni da kallo kawai.

Da abin ya ishe ni sai na ce bari in koya da kaina. Na zauna ina kallon bidiyon wasu tsoffin Turawa masu irin motata, rabin maganarsu ba na ji, amma ina ganin inda hannunsu yake zuwa. Na duba fiyus, lafiyarsa ƙalau. Na sa matata ta tsaya a baya ina taka birki tana ce min fitila ta kama ko ba ta kama ba, don an ce in ƙwan birki ya mutu musabbit ba ya yarda ya tashi. Na kwanta a ƙarƙashin sitiyari, ƙafafuna a waje, na laluba ɗan makunnin da ke bayan fedar birki. Na ja 'yar sarƙar da ke jan totur. Komai daidai. Na kuma gane cewa da iska abin yake aiki: akwai wani baƙin tiyo da ke tahowa daga inji zuwa wata 'yar tukunya, injin yana zuƙar iska ta cikinsa, tukunyar kuma ta ja sarƙar. Na duba tiyon daga waje, babu tsaga, babu huji.

A nan ne na tsaya na yi tunani. Duk ranakun da nake fita da motar ni kaɗai, musabbit yana aiki. Ba ya mutuwa sai ranar tafiya. Me ke faruwa tsakanin ranar gwaji da ranar tafiya? Abu ɗaya ne. Duk jajibirin tafiya abokina yakan zo da la'asar ya duba mana mai da ruwa da tayoyi, don kirki irin nasa. Kuma duk zuwan da zai yi, da ya buɗe murfin inji sai ya ce, "Yalla, je ka kawo mana shayi mana, ko rowa za ka yi min?"

Wallahi da wannan tunanin ya zo min sai da na yi a'uziyya. Na ce kai, wannan fa ɗan'uwanka ne. Amma zuciya ta riga ta kama. Sai maganarsa ta haraj ta dawo min, da shawarar da yake ta ba ni in rabu da abin. Na ce shi ke nan, so yake motar ta gundure ni, in gaji, in ce masa zo ka ɗauka.

Jajibirin tafiya ta gaba, da hantsi na fita na gwada, yana aiki. La'asar ya zo da fara'arsa, ya shiga ya gaida mahaifiyata, ya fito ya buɗe inji, ya aike ni shayi. Na tafi, ina tafe ina jin kunyar kaina, ina kuma addu'ar Allah Ya sa ƙarya nake. Muka sha shayi, ya tafi. Ko kofunan ban kwashe ba na tada mota na hau babban titi. Na danna. Shiru.

Na gangara gefen hanya, na ɗage murfin, na zare baƙin tiyon nan na hura. Iska ta ƙi wucewa. Na samo waya na zura a ciki, na tura, sai wani abu ya faɗo kan tabarmar mota. Na ɗauka na duba. Ƙwallon dabino ne, ɗan siriri, an zaɓo shi daidai bakin tiyon. Na mayar da tiyon, na hau hanya, na danna, mota ta riƙe gudu. Ban taɓa jin baƙin cikin gyaruwar abu ba sai ranar.

Daga nan garejinsa na wuce kai tsaye. Yana tsaye da mutane, maƙwabtansa masu gareji da masu kawo gyara. Ban ja shi gefe ba, da na sani da na ja shi. Na buɗe tafin hannuna a gabansa na ce, "Mene ne wannan?"

Ya duba, ya ɗago ya dube ni. Ya ce, "Ƙwallon dabino ne."

"Wa ya sa shi a tiyon motata?"

"Ni na sa."

Na so a ce ya musa, don in sami abin yin faɗa da shi. Na ce, "Don me?"

Ya ce, "Wannan kam ba zan faɗa maka ba. Amma ba ya cutar da inji, ka kwantar da hankalinka."

Wai in kwantar da hankalina! Nan na ɓalle da faɗa. Na ce in motar yake so ya buɗe baki ya roƙa mana, ba sai ya bi ta bayan gida ba. Na ce ina jan ƙafa kamar gurgu daga nan har Madina, shi yana nan yana dariya. Na rufe da cewa, "Ashe kai maci amana ne ban sani ba." Da Hausa na faɗa, amma akwai masu jin Hausa a wurin, waɗanda ba sa ji kuma fuskata ta fassara musu. Ya goge hannunsa da tsumma, ya ce, "Halas? Ka gama?" Na ce halas. Na juya na tafi.

Aka fasa tafiyar, na ce mota ce ba lafiya. Juma'a ta zo, bai zo cin abinci gidanmu ba kamar yadda ya saba. Wata Juma'ar ma haka. Mahaifiyata ta sa aka kira ni ɗakinta, ta ce, "Kai, ina ɗana? Ko ba shi da lafiya ne?"

Na zauna na kwashe labari tas na gaya mata, ina yi ina hura hanci, ina jiran ta ce Allah Ya isa. Da na kai wurin maci amana sai ta ajiye kofin da ke hannunta.

Ta ce, "Ka faɗa masa haka? A gaban mutane?"

Na ce, "Umma, ai shi ya ja."

Ta ce, "Ni na sa shi."

Na ce, "Na'am?"

"Ni na sa shi, na ce! Ranar da aka gyara abin nan, ba kai ka shigo nan kana washe baki ba, ka ce min motarka yanzu tuƙa kanta take yi, ko gyangyaɗi ka yi ba za ta tsaya ba?"

Sai a lokacin na tuna. Na faɗa kuwa. Hausa ba ta da sunan abin, ita kuma ba ta san musabbit ba, shi ne na fassara mata yadda zai yi armashi. Na fara cewa, "Umma, ai wasa nake, gudun kawai yake riƙewa, sitiyari yana hannuna..."

Ta ce, "Rufe min baki. Ni na haife ka. Kai da kake barci ana huɗuba, kake barci da loma a hannu? Ciwon ƙafar nan shi kaɗai ke hana ka runtsawa a hanya, ina zaune a bayanka ina kallon ƙeyarka. In ka ɗage ƙafar me ya rage? Ga jikokina a kwance a baya. Na san in na ce ka bari, za ka ce to, mu hau hanya ka danna abinka, tunda ban san inda yake ba. Shi ne na kira ɗana na ce ya kashe shi duk ranar da za mu yi tafiya. Ya ce in bari ya yi maka magana, na ce a'a, na san taurin kanka. Na ce masa amana ce na ba shi, in ya faɗa maka ban yafe ba."

Ban yafe ba. Duk wanda ya tashi a gidan Hausa ya san in tsohuwa ta faɗi wannan, an gama magana. Na zauna ina kallon ƙasa, kunya kamar ta kashe ni. Mutumin da na kira maci amana a gaban jama'a, ashe a daidai lokacin amanar ce ya riƙe da haƙoransa.

Ta ce, "Tashi ka je. Kuma a inda ka faɗa, a nan za ka janye."

Na je. Na tara waɗanda na samu a wurin, na faɗi abin da ya faru, na ce na yi kuskure, ya yafe min. Ya rungume ni ya ce, "Ba komai, ya akhi, ya wuce. Ni ma ƙafarka tana damuna, wallahi." Juma'ar da ta biyo ya zo cin abinci, mahaifiyata ta zuba masa naman da ya fi nawa. Musabbit kuwa ban ƙara danna shi ba in da iyali a motar, har muka rabu da ita.

In na tuna abin nan yanzu, abin da ke ba ni mamaki shi ne zargina bai yi ƙarya ba. Na bi sawu daidai, na kama wanda ya yi, har da shaida a hannu. Dalilin ne kawai na ƙirƙira da kaina, na zaɓi mafi muni, na ɗora wa mutumin da na fi sani a duniya. Tun daga lokacin in na kama mutum da abu, nakan tambaya sau ɗaya, in ya ce ba zai faɗa ba sai in koma gida in kwana tukuna.

Muna nan tare har yau, shi ke gyara min ƙaramar motata, muna shan shayi muna tsokanar juna. Sai dai akwai wata al'ada ta masu gareji a nan: in baƙo ya kawo gyara, sukan zuba tsoffin kayan da suka cire a leda su ba shi, don ya tabbatar an canza da gaske. Tsawon rayuwarmu bai taɓa yi min haka ba. Tun daga waccan ranar kuwa, ko fulogi ɗaya ya canza, zan tarar da ledar a kan kujerata, a ɗaure. Na roƙe shi ya daina ya fi a ƙirga. Sai ya yi murmushi ya ce, "Ka duba dai, ya akhi."