Saƙo Zuwa ga Ardo Manu a Boyekai

Da can, idan aka gama zaɓe, ko mun ci ko mun faɗi, mukan cika mota biyu ko uku mu zaga mazaɓu muna godiya. Idan faɗuwa ce, a yi mana jaje mu ma mu yi wa mutane, kamar an yi rasuwa, a ci tuwo a watse. Wannan karon da aka sanar da sakamakon zaɓen shugaban ƙasa, ɗan takararmu ya sha kaye, babu wanda ya ta da zancen mota. Ni kaɗai na fita, daga ni sai jakata da sandata, kuma ba godiya aka aike ni ba.

Ni mutumin Wurno ne. Na yi ƙuruciyata a fatauci tsakanin Kumasi da Yamai da Garwa, inda na gyara Fillancina, na ƙara da Zabarmanci da Faransanci da Turanci. Da na dawo gida sai jam'iyyarmu ta mai da ni tafinta: duk rugar da ɗan takara zai shiga, ni ke tsayawa gefensa. Ta haka na san Ardo Manu, shugaban wata ruga a wajen Boyekai, shekara ashirin da ɗoriya ke nan. Ranar farko ya saurari ɗan takara har ya gama, bai ko dube shi ba, ya kama hannuna ya ce, "Wancan ban san shi ba, kai na ji. Inda ka tsaya nan za mu tsaya, sai ranar da ka zo da ƙafarka ka ce in tashi." Tun daga nan akwatin rugarsa bai taɓa kuɓuce mana ba.

Saura mako biyu a yi zaɓen gwamna, wani babba a jam'iyya ya kira ni daga Sakkwato. Ya ce sun ji ana matsa wa Ardo ya sauya sheƙa, in je in ce masa ya tsaya. In biya ta Rabah kuma in ga yadda mutanenmu suke.

Laraba: Wurno zuwa Achida

Na bar gida ƙarfe shida saura kwata, ana fitowa sallar asuba. A tasha na samu wata tsohuwar mota da aka cika bayanta da buhunan albasa, mu shida a ciki, kowa naira dubu. Direban, Sanusi, tun yana yaron mota na san shi. Duk lokacin yaƙin neman zaɓe hoton ɗan takararmu na manne a gilashinsa na baya. Yanzu an ɓanɓare shi, saura kunne ɗaya da gefen hula.

"Sanusi, mi ya samu mutuminka?"

"Rana ta cinye shi, Baba."

"Ranag ga taku farce gare ta?"

Mota ta ɗauki dariya. Shi ma ya yi, sannan ya rage murya ya ce, "Baba, hanya nika bi kullum. Wanda ka tsai da ni shina kallon gilashi kahin ya kalli takarda."

Shinge ɗaya muka tarar kafin Achida. Sojan ya leƙa, na gaishe shi da Turanci, ya ɗaga mana hannu. Bakwai saura minti ashirin muka sauka. Na zauna teburin mai shayi, inda mutum kusan goma suka kewaye rediyo. Wani ya ce kotu za ta maido mana da haƙƙinmu. Wani dattijo mai rawani ya ce shi tun yana saurayi yake jin zancen kotu. Wani kuma ya ce jam'iyyar da ba ta riƙe da gwamnati ba ta kai damina biyu a ƙasar nan. A Kumasi na taɓa ganin mutumin da jam'iyyarsa ta faɗi ya buɗe shagonsa washegari da tutarsa a ƙofa, maƙwabta suka yi masa ba'a har azahar, shi ke nan. A wurinmu faɗuwa tana bin mutum har gona, har rabon taki, har wanda zai tsaya masa idan ya shiga matsala.

Achida zuwa Rabah

Babur na hau, muka isa Rabah ƙarfe tara da 'yan mintuna. Ɗakin da muke haya a matsayin ofishi na tarar da shi a buɗe, an shafe bangon da farar ƙasa, wani yana auna gero a ciki. Na wuce gidan Inna Kulu, shugabar matan jam'iyya, wadda ta girme ni da shekara biyu kuma ba ta bari in manta.

"Ƙanena, ka ɓata hanya?"

"Jaje na zo, Yaya."

"Kai na na hwarko. Mata nawa na jera cikin rana tun hantsi, wasu da goyo? Ko a waya ba wanda ya ce sannu."

Ta kawo fura, ta zauna a bakin tabarma tana duban ƙasa. Na tambaye ta ko ita ma za ta bi waɗanda suka bar jam'iyya. Ta ce ta tsufa da sauya zane, amma ba za ta hana kowa ba. 'Yarta ma ta tafi, don mijinta yana neman aikin gadi. Da na ce Boyekai na nufa sai ta ɗago kai.

"Ka ji abin da ya samu jikokin Ardo?"

"Ban ji ba."

"To ka ji a Goronyo. Ba ni ɗaukar maganad da ban gani ba."

Rabah zuwa Goronyo

Na koma Achida, na yi azahar a can, na samu motar Goronyo ƙarfe biyu. Direbobin hanyar ba sa yarda la'asar ta riske su a daji, saboda haka ba a jira ta cika ba. Shinge uku muka wuce. A na biyu aka sauke wani saurayi mai sanda da hular kaba, aka zazzage jakarsa a ƙasa, sannan aka ce ya hau. Uku da rabi muna Goronyo.

Na sauka gidan Malam Isa, dillalin albasa, sakatarenmu na mazaɓa. Muna zaune a zaure bayan la'asar ya ba ni labari. Jikokin Ardo biyu sun kawo bijimi kasuwa, aka tsare su bisa zargin suna kai wa 'yan bindiga kaya. Kwana goma sha ɗaya ke nan. Duk garin an san yaran, amma a wannan zamani bafillace ba ya fita daga irin wannan sai wani mai faɗa a ji ya tsaya masa. Wani daga ɓangaren da suka ci zaɓe ya ce zai tsaya, da sharaɗin Ardo ya fito taron karɓar masu sauya sheƙa ranar Asabar.

"Mi Ardo ya ce?"

"Ya ce maganatai tana hannun wani mutum a Wurno."

Na fita ƙofar gida inda waya ke kamawa, na kira babban da ya aiko ni. Sai a kira na huɗu ya ɗauka. Na faɗa masa komai, na ce ko akwai lauya, ko wani da zai yi magana.

"Alhaji, yanzu ba mu da baki a wurin nan. Ka ce ya yi haƙuri sai bayan zaɓen gwamna."

"In ba mu ci ba fa, ranka ya daɗe?"

"Za mu ci, in sha Allahu," in ji shi. Na ji ana kiransa, ya kashe.

An kawo tuwon shinkafa da kifi, na ci loma uku don kada matar gida ta ji ba daɗi. Malam Isa bai tambaye ni abin da zan yi ba, ni ma ban sani ba.

Alhamis: Goronyo zuwa Boyekai

Bakwai da kwata na hau babur. Hanya ta ratsa gonakin albasa, ana ta cira ana tarawa a inuwa. Daga garin Boyekai muka saki hanya muka bi burtali, minti ashirin, sai ga rugar. Na san ta da hayaniyar maruƙa da mata masu shirin tallan nono. Yanzu shanun ba su kai rabin na da ba, kuma da aka ji ƙarar babur sai da yara suka shige bukka.

Ardo yana zaune a kan buzu ƙarƙashin aduwa. Idonsa ya yi rauni, da murya ya gane ni. Da Fillanci muka yi magana, ga ta da Hausa.

"Kaɗo, har yanzu kana raye?"

"Ina jiran in ga ka biya ni nonon da ka yi mini alkawari."

"Fillancinka ma ya tsufa. Zauna."

Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ta shanu da ruwa da mutanen gida. Bai ambaci yaran ba. Aka kawo nono a ƙwarya. Matar da ta kawo ba ta koma ciki ba, ta tsaya bayan zana inda nake ganin ƙafafunta. Daga baya na ji ita ce uwar ɗaya daga cikin yaran da aka tsare.

"Na san aiko ka aka yi," in ji Ardo. "Faɗi."

Shekara ashirin ina tafinta, ban taɓa rage wa mai magana kalma ba, ban taɓa ƙara masa ba. Saboda haka na faɗa masa saƙon yadda aka ba ni: manya suna gaishe shi, sun ce ya tsaya, ya yi haƙuri sai bayan zaɓen gwamna. Ya gyaɗa kai a hankali.

"Na ji. Za mu tsaya."

Ƙafafun da ke bayan zana ba su motsa ba.

Na ce, "Wancan saƙonsu ne, na sauke. Yanzu ga nawa. Ka ce sai ranar da na zo da ƙafata. Ga ni na zo. Ka tashi, Ardo. Ka je taron Asabar."

Ya laluba ya kama hannuna, ya riƙe.

"Kai fa?"

"Ni ina nan inda nake."

"To ni kaɗai za ka tura cikin mutanen da ban sani ba. Wa zai faɗa mini abin da suke cewa?"

"Kana jin Hausa fiye da ni, tsohon banza. Shekara ashirin kana wahalar da ni."

Ya yi 'yar dariya. Na tambaye shi me ya hana shi aiko mini tun ranar da aka kama yaran. Ya ce, "In na aika, na roƙe ka ke nan. Ban so ka sake ni don na roƙa." Sannan ya saki hannuna, ya juya wajen zana ya ce wa matar ta je ta wanke masa babbar rigarsa.

Komawa gida

Na bar rugar sha biyu da rabi. A Goronyo na tsaya na gaya wa Malam Isa. Ya ce, "Shi ke nan, akwatinmu na ƙarshe ya tahi," ya raka ni tasha. Daga cikin mota na kira babban na Sakkwato, na ce na isar da saƙonsa, na kuma faɗa masa abin da na ƙara da bakina. Ya ce bai zaci haka daga gare ni ba. Na ce ni ma ban zata ba. Huɗu da minti ashirin na shiga Wurno, na samu jam'in la'asar a masallacin unguwarmu.

Ranar Asabar Ardo ya je taron, aka sa masa hula, aka ɗaga hannunsa. Ranar Litinin yaran suka koma ruga. Malam Isa ya ce ƙaramin ya rame ƙwarai, kuma har yau ba ya yarda ya shiga kasuwa.

Ina godiya ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Ina godiya ga Inna Kulu, da Malam Isa da iyalinsa, da masu baburan da suka yi haƙuri da tsoho. Katin jam'iyya yana nan a aljihuna, kuma ranar zaɓen gwamna na je na jefa mata ƙuri'ata guda. Amma na daina tafinta. Jam'iyyarmu ba ta da kowa a rugar Ardo Manu, kuma ba za ta sake samu ta bakina ba.