Mai Satar Sabis a Gidan Hajiya Zakiyya

Duk wadda ta yi makarantar kwana ta 'yan mata a wajen Taura zamanin Hajiya Zakiyya tana metiron, mai kula da ɗakunan kwana, ta san ba a kai mata ƙarya. Ko ciwon ciki yarinya ta ce tana yi, sai ta ƙura mata ido tukuna kafin ta ba ta magani. Da ta yi ritaya ta koma gidanta na Takur a Dutse, aiki ta ajiye, ba hali ba.

Ɗanta Abdurrahman, da ke aikin jinya a Jidda, shi ya sa aka kawo mata akwatin waifai don ta riƙa ganin jikokinta ta waya. Da farko abin sai hamdala. Daga baya ya fara tsiya: ana tsaka da hira sai fuskar jikarta ta sandare, baki buɗe, sai can a dawo.

Zarginta ya fara sauka kan maƙwabciyarta Adama, wadda katanga ɗaya ce tsakaninsu. Ta lura 'yan matan gidan kullum a gindin katangar suke shimfiɗa tabarma, kowacce da waya a hannu.

"Maman Zara," ta ce mata wata safiya, "inuwar nan tamu tana yi wa yaranki daɗi, ko?"

"Wallahi, Hajiya, darbejiyarki ce ta leƙo mana."

"Darbejiya kawai?"

Adama ta yi dariya ba ta gane ba. Hajiya ta riƙe dariyar a ranta.

Ta kira ɗanta ya koya mata, ta sauya lambar sirri, ba ta gaya wa ko gyalenta ba. Washegari sabis ya sake ɗaukewa. Sai ta ce kamfanin ne ke mata ƙwange. Da ta lura yawanci tana cikin yi wa jikokin nasiha abin ke yankewa, sai tunaninta ya tsallaka teku. Ta kira Abdurrahman.

"Kai, gaya min gaskiya. Matarka ce ke katse ni?"

"Haba, Hajiya! Zahra'u tana kicin fa."

Jin yadda muryarsa ta yi sanyi ya dame ta. Ranar ta ja kujera ta zauna gaban akwatin, da carbi a hannu, ta ce yau ko ni ko kai. Fitilunsa kore shar, har ta fara gyangyaɗi. Can tsohon firjinta ya yi gurnani ya tashi, nan take fitilun suka mutu, suka dawo ɗaya bayan ɗaya. Ba ta yarda ba sai da ta ga an maimaita. Ta bi wayar wuta ta tarar su biyun a soket guda suke, tsoho, bakinsa har ya yi baƙi.

Da hannunta ta zare akwatin ta kai shi falo, ta ba shi nasa soket. La'asar ɗin ta yi nasiha har jikokin suka gudu, bai yanke ba.

Haƙuri dai ba ta ba kowa ba. Dambun zogale ta kai wa Adama cikin kwano mai murfi, surukarta Zahra'u kuma ta sha albarkar da ba ta san dalilinta ba.

Adama ta karɓi kwanon, ta rage murya. "Hajiya, ashe waifai gare ki? Da kin ɗan sam wa Zara, tana karatun jarrabawa."

Hajiya ta dube ta sama da ƙasa.

"Ta zo falona ta zauna da littafinta. Ni zan danna mata lambar, ta kau da kai."