Kujerar Manoma a Cibiyar Hotuna

Alfari Siddo manomin shinkafa ne a fadamar Gaya, mutum mai ƙarancin magana. Bai yi lakkol ba, wato karatun boko, amma in ya tsaya bakin gulbi ya dubi launin ruwa, zai gaya maka ko tashi yake ko sauka.

Shekarun baya wata jami'a ta nan gida da wata ta Benin suka haɗa kai suka buɗe cibiya a garin. Ɗaki uku ne da injuna, inda malamai ke nazarin hotunan da tauraron ɗan'adam ke ɗaukowa daga sama, don a san inda ambaliya za ta ci da inda ƙasa ta gaji. Aka kafa komiti na mutum bakwai: uku daga kowace jami'a, shugabanci karɓa-karɓa duk shekara biyu, kujera ta bakwai kuma ta manoma. Ƙungiyar masu shinkafa ta tura Alfari, don ba a taɓa jin kansa da kowa ba.

Shekara huɗu yana zuwa taro da wankakkiyar rigarsa. Malamai na zuba faransanci, sakatariya Madam Zuliha na raɗa masa fassara. In an ɗaga hannu, ya ɗaga. Sau ɗaya kawai ya yi gyara, ranar da aka nuna wani kore shar a allo aka ce shinkafa ce. Ya ce a'a, ciyawar ruwa ce da Fulani ke yankar wa shanu. Da aka je aka duba, haka ɗin ne.

Sai sojoji suka karɓi mulki, aka rufe gadar gulbi da ta haɗa garin da Benin. Malaman ƙetare suka daina zuwa, sai dai muryarsu ta talho a tsakiyar tebur. Dakta Haruna, wanda ke riƙe da shugabanci a lokacin, ya kawo shawara a raba aiki, kowace jami'a ta riƙe hotunan gaɓarta. Ba mugunta ba ce. Tsoro yake kada a ce yana miƙa wa baƙi hoton ƙasa. Uku na nan suka yarda, uku na talho suka ƙi. Ido ya koma kan Alfari.

"Baba, saura kai," in ji Dakta.

Ya jima yana murza carbinsa. "Dakta, ni ban san takarda ba. Amma ruwan da ke cin gonakinmu, wani daga ƙoramun ƙetare yake gangarowa. In mun rufe ido ɗaya, da me za mu gan shi?"

"Baba, in magana ta tashi ba kai za a kira ba. Ni ne."

"Ka yi gaskiya. To a sa sunana kusa da naka. Kuma a ware: hoton gari da na hanya kowa ya riƙe nasa, na ruwa da gonaki kaɗai a haɗa."

Madam Zuliha ta fassara wa na talho. Aka yi ta ja-in-ja har azahar, kafin mutum biyar su yarda, har da na talho. Dakta bai ɗaga hannu ba, amma shi da kansa ya ɗauki takardar ya kai wa hukuma, ya yi mako uku yana sintiri kafin a buga mata hatimi. Ya daɗe kuma gaisuwarsa da Alfari ba ta wuce "ina kwana".

Da damina ta yi nisa, cibiya ta aiko da gargaɗi kwana uku kafin ruwa ya iso. Masu gonakin tsakiya suka tada kariya, da yawa suka tsira. Gonar Alfari ita ce mafi ƙasa a fadamar, babu kariyar da za ta cece ta. Ya tsaya a kan tudu yana kallo har ruwa ya shanye ta, ya ce Allah ya mayar da alheri.

Da wa'adinsa ya cika, ƙungiya ta so ya zarce. Ya ƙi. Ya ce a tura Barira, wata manomiya da ta yi lakkol, wadda za ta ji magana da kunnenta. Ran taronta na farko ya raka ta har ƙofar cibiya, ya nuna mata ɗakin, sannan ya wuce kasuwa neman irin da zai sake dasawa.