Tulun da Na Kaɗa a Anka

Shekara huɗu ni ce mai ba da waƙa a zumuntar matan cocinmu da ke Gummi. Mu tara ne kacal, duk baƙi: malaman makaranta irina, matan 'yan kasuwa, da wata mai ɗinki. In na ɗaga murya, takwas su amsa. Ban taɓa zaton ina da girman kai ba, don kuwa ba wanda ya taɓa taka shi balle in ji zafi.

Sai aka yi wa wata ma'aikaciyar asibiti canjin wurin aiki daga Bukkuyum, 'yar wajen Zuru, gajera, marar surutu. Ranar da ta fara zuwa koyon waƙa muna tsakar gidan da nake haya. Ta buɗe baki kawai, na san ta fi ni murya. Inna mai gidan, tsohuwar Musulma da ta shekara huɗu tana jin waƙata ta bayan katanga ba ta taɓa tankawa ba, ranar har leƙowa ta yi da muciya a hannu.

"Wagga murya ta wa ta?" in ji ta.

Na nuna mata baƙuwar ina murmushi, haƙorana kamar su fashe.

Ba a yi wata biyu ba uwar zumunta, wato shugabarmu, ta ce baƙuwa za ta riƙa ba da waƙa, ni kuma in riƙe tulu. Tulun nan babba ne na ƙasa, ana bugun bakinsa da faffaɗan soso, shi ke riƙe takun waƙa. Ta ce sai mai natsuwa ake ba wa. Na ce na gode, na koma gida na ƙona miya. Ina koya wa yara a makarantar Lahadi cewa hassada zunubi ce, ni kuwa ina kwana da ita ina tashi da ita. Har ɗaurin ɗankwalin matar nan haushi yake ba ni.

Bayan kaka aka yi taron godiya a Anka, matan ikilisiyoyi uku. Muka tafi a bayan a-kori-kura da tulunmu naɗe cikin bargo. Da layi ya zo kanmu, baƙuwar ta fara wata waƙa mai dogayen baituka, wadda ke son numfashi. Na ga matan Anka sun daina fifita, sun zuba mata ido. A baiti na biyu na ƙara wa hannuna sauri kaɗan. A na uku na ƙara. Masu kacau-kacau suka bi ni, don dole ne su bi tulu. Ta yi ta ƙoƙarin kamo mu, tana haɗiye ƙarshen kalmomi, har ta sarƙe da tari a tsakiyar sunan Yesu. Wasu 'yan mata a baya suka yi dariya. Daɗi na ji, ba zan ɓoye ba, kuma daɗin ya raka ni har bakin mota.

A hanya uwar zumunta ta ce ƙila gajiyar aikin asibiti ce. Baƙuwar ta ce ƙila. Ba ta dube ni ba.

Lokacin ba mu da fasto zaunanne. Daga Gusau wani yake zuwa duk wata uku ya ba mu Jibin Ubangiji, wato cin gurasa mai tsarki. Da ya zo, ya karanta inda aka ce kowa ya gwada kansa kafin ya ci gurasar. Faranti ya iso gabana, hannuna ya ƙi tashi, na miƙa wa ta gaba. A coci mai mutum talatin, wanda ya bar gurasa ta wuce shi ba ya ɓoyuwa. Bayan wata uku na sake barin ta. Aka fara yi mini kallon ƙasa-ƙasa. Maigidana ya zaunar da ni ya tambaya ko akwai abin da ya kamata ya sani, kuma na gane irin abin da yake tsoro, wato ko na ci amanar aure. Na rantse masa ba shi ba ne, amma na kasa faɗa masa cewa tulu ne. Da a ce babban laifi ne, da ya fi mini sauƙin faɗa.

Ana saura kwana biyu zuwan fasto na uku na tafi gidan baƙuwar da la'asar. Na same ta tana wankin fararen kayan aikinta. Na tsara jawabi tun daga gida, da ayoyinsa, amma abin da ya fito shi ne, "Da gangan na yi a Anka."

Ta ci gaba da cuɗa. Ta ce ta sani tun a baiti na biyu, kuma ta ce wa Allah ta yafe tun muna cikin mota. Nan take na ji wani sabon ƙyashi ya taso mini: ga murya, ga kuma saurin yafiya, komai ita aka ba?

Sai ta matse rigar, ta tsaya.

"Amma hwa da baki ni yahe," in ji ta. "Bayanki nika zama. Duk sadda hwaranti ya wuce ki, sai in ji sanyi ga raina, in ɗauki tawa in ci. So biyu ke nan ina ci hakanan. Ke da kin ƙi ci kin fi ni tsoron Allah."

Na tsuguna na kama mata ɗauraya, muka shanya kayan tare.

Ranar Lahadi ta bar bencinta ta zauna kusa da ni. Ta hannunta faranti ya biyo, ta riƙe shi a gabana ba ta saki ba sai da na ɗauka, sannan ta ɗauki tata. Da aka tashi waƙar rufewa muryarta ta fi ta kullum daɗi, abin ya soke ni daidai inda ya saba suka. Na bi ta da tulu a hankali, ina jiran ta ja numfashi, har baiti na ƙarshe.